Teku a falo: littafin kula da akwatin murjanina a Yamai

Asabar, 2 ga Nuwamba 2024

Mai gilashin kasuwar Katako ya kawo akwatin gilashin da zan kiwata kifin teku da murjani a ciki da hantsi, shi da yaransa biyu, sun naɗe shi da tsohon bargo kamar jariri. Tsawonsa santimita 90, faɗi 45, zurfi 45, kaurin gilashin milimita 10. Sau uku ina komawa wurinsa kan maganar silikon, domin irin wanda ake liƙe banɗaki da shi akwai maganin fumfuna a ciki, kuma guba ne ga duk abin da zan saka. Ya ce tun da yake yankan gilashi bai taɓa ganin mai karanta rubutun jikin silikon ba sai ni.

Mun cika shi da ruwan famfo a tsakar gida, zai kwana uku a can in ga ko zai yi yoyo. Mai walda ya gama teburin ƙarfe, tunda in ruwa da duwatsu suka shiga nauyin zai haura kilo 250. A ƙarƙashinsa akwai ƙaramin akwati inda injuna za su ɓuya. Ruwan duka wajen lita 200 ne.

Uwargida ta tsaya tana kallo, ta ce, "Maigida, ga kogin Isa nan cike da karfasa da giwan ruwa, kai kuma sai kifin da ba ya shiga miya?" Ba ni da amsa. Tekun da ya fi kusa da mu shi ne na Kwatano, fiye da kilomita 1,000 a mota. Sau ɗaya na taɓa dulmiya kaina ƙarƙashin ruwan teku, a Jibuti, lokacin da aiki ya kai ni can. Abin da na gani ranar ya ƙi fita raina.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Gishiri ya iso, bokiti biyu. Ta Lome ya biyo, ya ratsa Burkina, tunda iyakarmu da Benin a rufe take tun 2023. Inna ta buɗe bokitin, ta lasa, ta dube ni: "Ɗan nan, gishiri ka sayo daga Turai? A ƙasar da ayarin raƙuma ke zuwa Bilma ɗaukar kantu da beza?"

Na yi ƙoƙarin yi mata bayani. A kowane kilo na ruwan teku akwai giram 35 na gishiri, amma ba duka ne gishirin miya ba. Wajen kashi 85 cikin ɗari ne irin na miya, sauran kuwa maganiziyom ne da kalsiyom da fotasiyom da wasu, kowanne da gwargwadonsa, kuma da kalsiyom ɗin nan murjani ke gina ƙashinsa. Na Bilma ya yi wa tukunya da dabba daidai, bai yi wa murjani ba. Ta ce to, Allah ya sa alheri. Duk wanda ya san Inna ya san abin da wannan addu'ar ke nufi.

Ruwan famfo ma ba ya shiga kai tsaye. Na ɗaura matatar osmos a bayan kicin, tana cire kulorin da duk abin da ya narke a ruwan, sai ma'auni ya nuna sifili. Matsalarta ɓarna: kafin ta ba ka lita ɗaya ta zubar da uku ko huɗu. Na ja tiyon zubarwar zuwa gindin zogale da lemun tsami, don kada maƙwabta su ji labari su ce na haukace gaba ɗaya.

Lahadi, 1 ga Disamba

Masu wannan harka a bakin teku dutse suke sawa wanda aka ciro da rai a jikinsa. Wa zai ɗauko mini kilo 20 na jiƙaƙƙen dutse a jirgi? Sai na tuna gida. Mu mutanen Adar ne, kuma muna yara mukan tsinci duwatsu masu siffar katantanwa a kan tudu, mu yi ta mamakin abin da ya kawo su nan. Masana ƙasa sun ce tsakanin shekaru miliyan 100 zuwa 50 da suka wuce wani hannun teku ya sha ratsa Sahara, kuma farin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza, ragowar ƙasan wannan tekun ne. Ƙanena ya tsinto mini masu ramuka-ramuka, ya sa a buhu, ya ba motar Tawa. Na matsa lemun tsami a kan ɗaya, ya yi kumfa yana shuu. Dutsen farar ƙasa ne na gaske.

Na wanke su, na jera su kamar kangon gini mai ƙofofi, na zuba yashi, na haɗa ruwa har ma'aunin gishiri ya tsaya a 1.025. Na daɗe zaune ina kallonsu a nutse. Rabonsu da ruwan gishiri, Allah kaɗai ya san adadin.

Juma'a, 27 ga Disamba

Mako huɗu ke nan ina kiwon abin da ido ba ya gani. Na jefa ɓaren jatan lande ya ruɓe, ya saki amoniya. Wasu ƙwayoyin bakteriya suka mai da ita nitirit, wasu suka mai da nitirit ɗin nitirat. Amoniya na kashe kifi ko da kaɗan ce, nitirit ma ba a son ganin ta a ruwan, nitirat kuwa ana iya zama da shi in bai yi yawa ba. Yau amoniya sifili, nitirit sifili. Autana kullum ya dawo daga lakwal sai ya manna hanci a gilashi: "Baba, yau ma babu kifi?"

Abin dariya, na'urar ɗumama ruwa nake kunnawa. A Yamai! Sanyin hunturu ya sa ruwan ya sauka zuwa digiri 22 da asuba, alhali 25 zuwa 26 ake so.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Komai ya yi launin ƙasa-ƙasa, gilashi da yashi da duwatsu, kamar an barbaɗa garin ƙuli-ƙuli. Diyatom ne, wani ƙanƙanin gansakuka mai yin kwanso da silika, kuma kusan kowane sabon akwati sai ya yi shi. Nawa dai ya yi fiye da kima, ina kuma zargin hazo. Kaso mai yawa na ƙurar hunturu daga kwarin Bodele na Chadi take tasowa, busasshen gindin tsohon babban tafkin Chadi, kuma garin kwanson diyatom ne da suka mutu tun dubban shekaru, ga ƙarfe da fosforas a ciki. Wato taki iska ke zuba mini ta taga. Na toshe tagogin falo, na yi wa akwatin murfi da yadin gidan sauro.

Lahadi, 26 ga Janairu

Sa'a ta faɗo. Wani Bature ma'aikacin agaji da zai bar ƙasar yana da ƙaramin akwati a unguwar Plateau, ya rasa wanda zai bar wa. Na je da kula da robobi. Na dawo da dutse mai rai guda biyu, dodon koɗi shida, da murjani iri biyar: Discosoma masu kama da laimar kwaɗi, Zoanthus, wani mai kama da fata da ake kira Sarcophyton, Xenia, sai ɓallen Montipora ɗaya ja, faɗinsa bai wuce tafin hannun yaro ba. Montipora ɗin ne kaɗai mai ƙashin dutse, kuma irinsa ba ya tsallaka iyaka sai da takardar yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin halittun daji da na ruwa tsakanin ƙasashe. Don haka samunsa a cikin gari ba ƙaramin abu ba ne.

Zoanthus na gargaɗi kowa a kansu. Wasunsu na ɗauke da guba mai tsanani, ba na taɓa su sai da safar hannu, yara kuwa ko yatsa ba sa sawa a ruwan.

Inna ta zo gani. Ita murjanin da ta sani shi ne jan tsakiyar da ke cikin adakarta tun na aurenta. Na ce mata ɗan'uwan waɗannan ne, na Bahar Rum, kuma shi ma dabba ne kafin a ciro shi a goge. Ba ta saurare ni ba, hankalinta na kan Xenia. Kowane reshe yana da ɗan hannu mai yatsu takwas, yana buɗewa yana dunƙulewa, dare da rana, ba hutawa. Ta jawo kujera ta zauna. Can ta ce, "Wannan tasbihi take yi." Tun ranar sunanta ke nan a gidan, Mai Tasbihi, kuma Inna ta daina maganar gishirin Bilma.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Ɗan kawuna mai fatauci zuwa Dubai ya taho mini da kifi uku a leda mai iskar oksijin. Biyu Amphiprion ocellaris ne, ruwan goro da fararen ɗamara uku, yara suka sa musu Masu Ɗamara. Na ukun Salarias ne, mai cin gansakuka, fuska a murtuke, ga gira kamar ta dattijon da aka tashe shi daga barci. Shi ne Tsoho.

Ba su shiga babban akwati ba. Suna cikin wata roba daban a ɗakin baƙi. Autana ya yi fushi, ni ma raina ya so in juye su kawai, amma na daure.

Talata, 4 ga Maris

An kama azumi. Daurewar nan ta yi rana: fararen ɗigo kamar gishiri sun fito a jikin ɗaya daga Masu Ɗamara. Cutar Cryptocaryon ce. Maganinta na tagulla ne, tagulla kuma tana kashe murjani da dodon koɗi, tana shiga dutse ta zauna. Da a babban akwati ta ɓulla, da sai na kwashe kifin duka na bar shi ba kifi sama da mako goma kafin ƙwayar ta mutu da yunwa. A roba kuwa magani kawai nake ɗigawa ina aunawa.

Sarcophyton ya tsorata ni a makon nan. Ya ƙanƙance, ya yi sheƙi kamar an shafa masa kakin zuma, kwana biyar bai buɗe ba. Ina shirin cire shi sai ya saɓule wata siririyar fata kamar maciji, ya buɗe ya fi da girma. Ashe wanka yake yi.

Asabar, 22 ga Maris

Kifi sun koma gidansu. Koren gansakuka mai kama da gashi ya rufe duwatsun Malbaza, su kaɗai, bai taɓa na Baturen ba. Na auna fosfat, takin da gansakuka ke ci, 0.25, alhali ƙasa da 0.1 ake nema. Daga cikin dutsen yake tsattsafowa. Da na yi tunani da na san haka, tunda yankin Tawa an san shi da fosfat a ƙasa, kuma da na jiƙa su wata biyu a baho kafin in saka. Yanzu sai canjin ruwa lita 20 kowane mako da garin da ke tsotse fosfat. Tsoho dai kakarsa ta yanke saƙa, cikinsa kamar na mai juna biyu.

Zafi ya sauka. Na cire na'urar ɗumamawa, na cire murfi da rana, na ɗaura ƙananan fankoki biyu suna hura saman ruwan. Dabarar randa ce ba wata ba: ruwan da ke tashi ya bi iska shi ke tafiya da zafi. Na yi lissafi, lita ɗaya in ta ƙafe tana ɗauke zafin da zai sauke lita 200 da kusan digiri uku. Iskar Maris a bushe take ƙayau, don haka falo na 37 amma ruwa na 27. Kuɗin da nake biya shi ne lita takwas zuwa tara kullum. Gishiri ba ya tashi, ruwa kaɗai ke tafiya, saboda haka ruwan matata zalla ake ƙarawa. Da yamma ina tsaye da bido ina shayar da akwati, ni maƙogwaro a bushe ina jiran kiran salla.

Laraba, 16 ga Afrilu

Jiya ce ranar da nake tsoro tun Nuwamba.

An ɗauke wuta wajen ƙarfe goma na safe ina buro. Ba sabon abu ba ne a wannan wata, na ɗauka awa ɗaya ce ko biyu. Maigadi ya ja gurup har hannunsa ya gaji, ya ƙi tashi. Ƙarfe uku uwargida ta kira: "Maigida, kifinka sun taso sama suna haki." Na ce ta karanta mini ma'aunin zafi. Ta ce 31.

A irin wannan hali ba zafin ne ke fara kisa ba, rashin iska ne. Ruwan gishiri dama bai kai ruwan daɗi riƙe oksijin ba, in ya yi ɗumi ya ƙara raguwa, in famfunan da ke motsa shi suka tsaya sai kifi da murjani da bakteriya su shanye ɗan abin da ya rage. Na ce mata a samu moɗa a riƙa ɗibar ruwan ana kwararo shi daga sama, kada a tsaya.

Na bi unguwa neman ƙanƙara. Duk mai firigo ta ce ta ƙare ko ta narke, kowa abin da ya dame shi ke nan. Sai a wajen masu kifi na samu gorunan roba huɗu daskararru, na biya ninki ban yi ciniki ba. Ba a jefa ƙanƙara tsirara a ciki, za ta tsarma gishirin, sai a gora a rufe. Kuma gorar lita ɗaya da rabi ko digiri ɗaya ba ta saukewa a lita 200. Na san wannan lissafin tun da, amma sanin sa a takarda daban, ganin sa daban.

Da na shiga falo, ga abin da na tarar: babbar ƴata a kan kujera da moɗa tana kwararo ruwa, hannun rigarta jage-jage, autana riƙe da tocila, uwargida kuwa, wadda ta ce kifin nan ba ya shiga miya, ta cire mayafi ta ɗaura a ƙugu tana fifita saman ruwan da faifai biyu, gumi na ɗiga daga haɓarta. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Karɓi ɗaya."

Ruwan ya kai 32.4 kafin ya tsaya. Wuta ta dawo bayan isha'i. Tsoho bai kai ba, na same shi a bayan dutse.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Mai Tasbihi ta narke. Cikin kwana biyu ta zama wani abu kamar majina, ga wari irin na bakin kogi in ruwa ya janye. Na zuƙe ta da tiyo, na canja lita 40, na sa gawayin tace ruwa. Inna ta zo ta tsaya gaban dutsen da take, ba ta ce komai ba, ta koma ɗaki.

Montipora ya yi fari fat kamar alli. A cikin naman murjani akwai wasu ƙananan tsirrai masu ƙwaya ɗaya da ake kira zuzantela. Su ke ba shi launi, su ke haɗa masa mafi yawan abincinsa daga haske. In zafi ya yi yawa sai ya kore su, ya zauna da yunwa, ƙashinsa na haskowa ta cikin nama. A teku ƙarin digiri ɗaya kan zafin da aka saba, in ya ɗauki makonni, ya isa. A Afrilun bara hukumar NOAA ta Amurka mai kula da teku da yanayi ta sanar da cewa duniya ta shiga karo na huɗu na irin wannan farin, bayan na 1998 da 2010 da na 2014 zuwa 2017. Na karanta labarin a lokacin na wuce. Yanzu ga shi a falona, faɗin tafin hannu.

Fari ba mutuwa ba ne tukuna. Da dare na haska tocila, na ga ƙananan bakuna a gefen hagu har yanzu suna fitowa. Na rage hasken fitila da rabi, na sauko da shi ƙasa.

Asabar, 3 ga Mayu

Na yi abin da ya kamata in yi kafin in sayi ko ƙwayar gishiri. Pano biyu na hasken rana a kan rufi, da batir mai volt 12, amfiya 100. Ban ɗora masa fitila ba, sai fankoki da famfunan ruwa biyu, duka wat 60, waɗanda batirin zai riƙe da dare, pano su riƙe da rana. Na ja waya ɗaya zuwa ɗakin Inna don fankarta, in ba haka ba da wane ido zan dube ta, kifi na shan iska ita tana gumi? Na kuma haɗa bidon ruwan matata da irin ƙwallon nan na tankin masai, yana ƙara ruwa da kansa in ya ragu.

Litinin, 2 ga Yuni

Sabuwar matsala, wadda ban hango ba. Iskar damina ta fara shigowa, gari ya yi gumi, dabarar randa ta daina ci. Lita huɗu kawai ke ƙafewa, ruwa ya maƙale a 29, ko da dare ba ya sauka sosai. Mai gyaran firigo na unguwa ya kawo shawarar a naɗe tiyo cikin tsohon firigo ruwa ya riƙa bi ta ciki. Mun gwada, rabin digiri muka samu. Ya ce a sa bututun tagulla zai fi ɗaukar sanyi, na ce a'a da ƙarfi har ya tsorata. Injin sanyaya ruwan teku na gaske da bututun titaniyom ake yin sa, kuɗinsa kuma ya kusa na ragon Layya, ga Layyar saura kwanaki. Rago ya yi nasara. Kilim, na'urar sanyaya ɗaki, nake kunnawa daga azahar zuwa la'asar, gorunan ƙanƙara shida na jiran ko-ta-kwana a firiza.

Asabar, 12 ga Yuli

Ruwan sama ya zauna, akwati na 26.5 ba da wahala ba. Kogi ya yi ja, ruwan famfo ma ya ɗauko launi, audugar farko ta matata da ke yin wata uku yanzu kwana tara take toshewa.

Ɗaya daga Masu Ɗamara ta fi ɗayan girma sosai. Dukansu ba mata ake haifarsu ba, wanda ya fi ƙarfi shi ke rikiɗa ya zama mace, ɗayan ya zauna namiji yana karkarwa in ta matso. Uwargida ta ce wannan kifin ya san zaman duniya. Sun tare a cikin Sarcophyton, har cizona take yi in na sa hannu.

Gefen dama na Montipora ya mutu, gansakuka ya hau shi, na karye shi da filaya. A hagu kuwa launin ƙasa-ƙasa ya dawo, faɗin farcen babban yatsa, da siririn farin baki na sabon toho. A kan duwatsun Malbaza ɗigo-ɗigon ruwan hoda sun fito, gansakuka mai ƙashi ne, irin wanda ake so. Fosfat 0.08, kalsiyom 410. Ma'aunin kabonat da bikarbonat na ruwan ya sauka zuwa 7, alamar akwai masu gini a ciki suna ci. Giram 6 na bikarbonat ke ɗaga lita 200 da maki ɗaya, don haka na auna, na narka a kofi.

Inna na zaune tana kallo, ta tambayi ko mene ne. Na faɗa mata. Ta dangwala, ta lasa, ta ce, "Wannan ai kanwa ce." Na buɗe baki zan musa, sai na tuna abin da ke cikin kanwa: kabonat da bikarbonat na sodiyom, gauraye da ƙasa da gishiri. Na ce, "Ƴar'uwarta ce, Inna, an dai wanke ta." Ta ce in na tashi aike Dubai a nemo mata wata Mai Tasbihin. Na ce sai Nuwamba, in sanyi ya shigo, kuma sai injin sanyayawa ya riga ta isowa.